Hitar bututu mai aiki da gas: a ina zan rataye ta a gareji?

Mai Gareji: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Don Allah masu harkar gas da masu gini ku ba ni shawara kafin in yi aikin da-na-sani. Inda nake aiki hunturu ba wasa ba ne, da safe sufana har mannewa take a hannu, yara na aiki da safar hannu suna kasa kama ƙaramin noti. Na gaji da hita mai hura iska, da an ɗaga babbar ƙofa mota ta shigo shi ke nan ɗumin ya gudu sai a sake daga farko. To sai na samo irin doguwar hitar nan da ake ratayewa a sama, bona (inda gas ɗin ke kamawa da wuta) a kai ɗaya, dogon bututun ƙarfe, da farantin alminiyom a samansa mai turo zafin ƙasa. Guda biyu ne, kowace kilowat 30, bututun mita 12. Garejin tsawonsa mita 24, faɗi 12, daga ƙasa zuwa ƙarfen rufi mita 4 da rabi. Akwai lif biyu na ɗaga mota, can ƙurya kuma muna tara tayoyi da kwalayen kayan gyara. Ni a raina in jera su a tsakiya, daidai saman inda yara ke aiki tunda nan ake buƙatar ɗumin. Me kuka gani?

Baba Mai Walda: Wa alaikumus salam. Ka yi dabara yaro, wannan hitar ita ce ta gareji. Ni tawa shekara takwas ke nan tana rataye, ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. Ka samu anguliyan mai kauri ka yi mata mazauni ka ɗaure ta tamau a jikin ƙarfen rufin, a wuce wurin. Abin ba shi da wani tsawo.

Injiniya: Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai, lif ɗinka in ya ɗaga mota har ƙarshe, rufin motar yana kaiwa mita nawa daga ƙasa? Ka ɗauki tef ka auna da motar da ta fi kowace tsayi cikin waɗanda kuke karɓa, ba ƙaramar mota ba. Sannan ka buɗe littafin da ya zo da hitar ka nemo teburin da aka rubuta tazarar da za a bari tsakaninta da abin da zai iya kamawa da wuta, ka turo mana lambobin: sama, ƙasa, gefe da gefe, da kan bonar.

Mai Gareji: Injiniya na auna yanzun nan. Lif ɗin yana ɗagawa mita 1.8, babbar motar da ke kai tsayinta 1.9, ke nan rufinta yana wajen 3.7. Littafin ya ce ƙasa santimita 170, sama 15, gefe 75 in farantin yana kallon ƙasa tsaye. Kai, ina ga na fara gane inda ka dosa.

Injiniya: To madalla, kai da kanka ka ba kanka amsa. In ka rataye ta da sarƙa bututun zai tsaya wajen mita 4.1, rufin mota yana 3.7, saura santimita 40 a inda littafi ya ce 170. Kuma bututun nan kusa da bona zafinsa yana haura digiri 500, can wutsiyarsa ne yake saukowa wajen 150 zuwa 200. Ka ɗaga motar mutum ka tafi cin abinci ka dawo ka tarar fentin rufin ya tashi ƙuraje, robar gefen gilashi ta narke, in da akwatin roba a saman motar kuma sai dai Allah ya tsare. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya auna daga bututu zuwa siminti ya ce ai akwai mita huɗu, alhali ba siminti ne ke kamawa da wuta ba. Daga abin da ya fi kusa da bututun ake aunawa, kuma a ranar da ya fi kusa, watau lif a sama, ƙofa a naɗe, kaya a tare har ƙarshe.

Baba Mai Walda: Ku 'yan boko komai sai littafi. Lambobin nan kamfanoni na ƙara su ne don kare kansu a kotu, ni tawa ba ta kai mita ɗaya da rabi daga saman kantar da nake ajiye kaya ba kuma ga ni nan lafiya lau.

Injiniya: Baba da girmanka, lambar nan gwaji ne ya fitar da ita ba lauya ba. A ƙa'idar da ake gwada irin wannan hita a Amurka da Kanada, ANSI Z83.20, ana ajiye allo ne kusa da hitar ana matsar da shi har sai an samu wurin da zafin fuskarsa bai wuce zafin ɗakin da digiri 50 ba, wannan nisan shi ake bugawa a littafi. Ke nan ko ka bi lambar daidai abin da ke wurin yana ɗaukar zafi sosai, shi ya sa su kansu suke cewa roba, leda, tamfol da makamantansu suna iya lalacewa ko a wannan nisan, sai ka ƙara musu. Kantarka me ke kanta?

Baba Mai Walda: Ƙarafa ne da rodin walda. Kantar ma ƙarfe ce.

Injiniya: To ka gani Baba, kai ƙarfe ne ya cece ka. Shi tayoyi da kwalaye gare shi.

Ɗan Kwana-kwana: Bari in sa baki tunda mu ake kira in abin ya ɓaci. Maganar "shekara kaza ba abin da ya faru" ita ce ta fi ba ni tsoro a aikin nan, musamman inda akwai katako. Katako in ya daɗe yana shan zafi, ko da zafin bai kai na kunna shi ba, a hankali yake bushewa ya ƙone ta ciki ya koma kamar gawayi, kuma gawayi ba ya buƙatar zafi mai yawa kafin ya kama. Na taɓa shiga wani wurin aikin kafinta bayan mun kashe wuta, katakon rufin da ke saman hitar na sa yatsa na danna sai ya rufta kamar biskit, baƙi ƙirin har ciki, mai wurin yana ta rantsuwa shekara da shekaru a haka take. Gaskiya ya faɗa, a haka take, shekarun ne ma suka dafa katakon. Duk wanda ke da hita kusa da katako ya hau tsani ya duba, in ya ga wurin ya yi duhu ko ya canza launi kar ya jira.

Baba Mai Walda: To wannan kam na yarda, na sha ganin haka a bayan murhu.

Ɗalibi: Don Allah ku yi haƙuri da tambayar jahilci, ni abin da ban gane ba, tunda zafi sama yake tafiya ta yaya abin da ke rataye a mita huɗu zai ɗumama mutumin da ke ƙasa? Ba rufin kwano kawai zai gasa ba?

Injiniya: Ba jahilci ba ne ɗan'uwa. Iska mai zafi ce ke tafiya sama. Wannan kuwa haske ne da ido ba ya gani, infrared, irin wanda kake ji a fuskarka in ka fito rana da sanyin safiya alhali iskar na nan da sanyinta. William Herschel ne ya gano shi a 1800, ya rarraba hasken rana zuwa launukan bakan gizo, ya sa ma'aunin zafi a gefen jan launin inda ba a ganin komai sai ya ga ma'aunin ya hau. Yana tafiya a miƙe, ba ya tsayawa ɗumama iska sosai, sai ya faɗa kan abu: siminti, mota, kafaɗarka. Simintin ya sha zafi ya riƙe, shi ya sa ko an buɗe ƙofa an rufe wurin ke saurin dawowa daidai. Amma ka ga nan ne haɗarin ma yake, hasken bai san mutum ba bai san kwali ba, duk wanda ya fara tare shi shi zai sha, kuma na kusa yana sha ninkin-ba-ninkin fiye da na nesa.

Sitokifa: Wallahi maganar kaya ta taɓa ni. Mu a sitonmu an saka hitar daidai, injiniya ya zo ya auna komai ya sa hannu, lokacin wurin babu kaya. Wata uku da suka wuce kaya suka yi yawa, direban fokalif sabo ne ba wanda ya gaya masa komai, ya ɗora falet na huɗu a kan na uku daidai ƙarƙashin bututun, da safe muka zo ledar da aka naɗe kayan ta tattare ta manne a kwalayen kamar an yi mata guga, kwalin saman ya yi ruwan ƙasa yana wari. Ba abin da ya hana shi kamawa sai kwanan gaba. Yanzu mun ja jan fenti a jikin ginshiƙai da bango, mun rataye allo da sarƙa daidai tsayin da kaya za su tsaya, in falet ya taɓa allon direba ya san ya wuce.

Ɗan Kwana-kwana: Abin da kuka yi shi ne doka ma a wurare da yawa. NFPA 54, dokar gas ta Amurka, ta ce inda ake tara kayan da ke iya kamawa sai an kafa alama mai nuna iyakar tsayin da za a tara. Alamar kuma a sa ta inda direba zai gani yana kan kujera, ba a bayan ƙofar ofis ba.

Mai Gareji: To yanzu ni ina zan kai su? In na kauce wa lif na kauce wa tayoyi kamar babu inda ya rage.

Injiniya: Akwai. Garejinka faɗin mita 12 ne, ka kai su jikin dogayen bangon biyu, kowace a gefe ɗaya, ka karkata farantin ya kalli tsakiya. Yawancinsu ana iya karkata su har digiri 45, amma ka lura da kyau: da ka karkata lambobin teburin sun canza, gefen da farantin ke kallo tazararsa na ƙaruwa sosai, na bayan ya ragu, ka koma layin da ya dace da karkatar da ka yi kar ka yi amfani da 75 ɗin nan. Sai ka ɗaga mota a lif ka auna daga bututun zuwa gefenta a kwance da a karkace. In bai kai ba akwai farantin gefe da kamfanonin ke sayarwa mai tare zafin ta ɓangare ɗaya, nasu za ka saka ba wanda aka yanko daga kwano ba, don da nasu aka yi gwajin. Kan bonar kuma ka juya shi wajen babbar ƙofa tunda nan sanyi ke shigowa kuma nan bututun ya fi zafi, wutsiyar ta nufi ƙuryar da ba a buɗewa. Tayoyin ka matsar da su gaba ɗaya daga layin hitar.

Mai Wayarin: Ƙofar taka wace iri ce oga? In irin mai zamewa sama ta kwanta a ƙarƙashin rufi ce to ka auna ta a buɗe, na ga wadda ta kwanta daidai ƙarƙashin kan bona fentinta duk ya ƙone. Sannan ku masu gas kullum kuna mantawa da mu. Wayoyin wuta, fayif ɗin roba da muke zura waya ciki, fitilu, tiyon iska na kwamfireso, duk a sama suke daidai inda za ku bi. Waya in ta sha zafi robarta bushewa take ta fara tsagewa, ba za ka sani ba sai ranar da ta yi tartsatsi. A kewaye da su ko a ɗauke su. Hitar kanta a yi mata at, watau wayar ƙasa, mai kyau, kuma kar a juya layin wuta da na nutural, wasu akwatunan kunna bonar in ka juya musu ba sa gane wutar ta kama sai su riƙa kashe kansu kai kuma ka yi ta zagin kamfani.

Mai Gareji: Irin mai naɗewa ce a cikin akwati a saman ƙofar, ba ta kwanciya. Amma tiyon iska kam yana bi ta jikin bangon dama, sai na sauke shi.

Injiniya: Baba ka yi haƙuri zan dawo kan maganarka ta farko, ɗaurewa tamau da anguliyan. Wannan kam kar ya yi. Ƙarfe in ya yi zafi miƙewa yake, kai ka fi ni sani. Bututu mai mita 12 in zafinsa ya ƙaru da digiri 300 a matsakaici zai ƙara tsawo wajen santimita 4, in ya huce ya koma, kuma haka zai yi ta yi sau da yawa a rana duk lokacin da ta kunna ta kashe. In ka ɗaure shi ƙam wannan motsin sai ya nemi inda zai fita, ko bututun ya lanƙwashe, ko mahaɗin ya saki hayaƙi ya fara fita a ciki, ko mafi muni ya riƙa jan fayif ɗin gas. Shi ya sa ake rataye ta da sarƙa mai ɗan tsawo don ta yi lilo, a matse bakin ƙugiyoyin kar su zame, kuma tsakanin fayif ɗin gas da bona a sa tiyon ƙarfe mai lanƙwasa wanda aka yi don gas, a bar shi da lanƙwasa kamar harafin C, ba a miƙe a ɗame ba.

Baba Mai Walda: Hhhh yaro ka kama ni. Gaskiya ni ma tawa da sarƙa take, na manta ne, mazaunin fankar bango ne na yi da anguliyan. Amma kullum in ta kunna ina jin tana ƙas ƙas ƙas kamar ana taka busasshen kara, ashe miƙewar ce.

Injiniya: Ita ce Baba, farantin ne ke zamewa a kan ɗan'uwansa. In ƙarar ta yi yawa a duba ko wani wuri ya maƙale.

Hajiya Mai Kaji: Sannunku da ƙoƙari. Ni ba gareji gare ni ba, ɗakin kaji ne, amma irin hitar ce. Ba wanda ya yi maganar hayaƙi har yanzu. Ni wanda ya saka min ya ce ba sai an fitar da bututun hayaƙi waje ba wai gas ba ya hayaƙi, satin farko na shiga da asuba na ga rufin kwano yana ɗigar ruwa kamar ana yayyafi, shimfiɗar kajin duk ta jiƙe, warin ammoniya har yana sa hawaye. Na ɗauka rufin ne ke yoyo na kira mai gyara ya hau ya ce Hajiya kwanonki lafiyarsa ƙalau.

Injiniya: Hajiya ruwan daga cikin gas ɗin ya fito. Duk mita kubik ɗaya na gas ɗin bututu (wanda ake jawowa gini ta fayif) da aka ƙona yana ba da tururin ruwa kimanin kilo ɗaya da rabi. Hita mai kilowat 30 tana cin wajen mita kubik 3 a awa, ke nan kusan lita 5 na ruwa duk awa take zubawa a cikin ɗakin in ba a fitar da hayaƙin ba, ya hau ya tarar da kwano mai sanyi ya koma ruwa. Ana yarda a bar wasu ba bututun hayaƙi a manyan wurare, amma da sharaɗi: ƙa'idar Turai EN 13410 ta ce a fitar da iska mita kubik 10 a awa kan kowane kilowat, ta Amurka ta ce ƙafa kubik 4 a minti kan kowane BTU 1000 a awa (ma'aunin ƙarfin hita na can). Na Mai Gareji guda biyu ke nan mita kubik 600 a awa, mafitar a sama da hitar, mashigar sabuwar iska a ƙasa, kuma a haɗa fankar da hitar yadda in fanka ba ta tashi ba bona ba zai kama ba.

Baba Mai Walda: To ai gareji ƙofa a buɗe take rabin yini, wace iska kuma ake nema?

Ɗan Kwana-kwana: A'a Baba, a nan kam ba zan bi ka ba. Ranar da aka fi kunna hita ita ce ranar da aka fi rufe ƙofa, har tsumma ake cusawa a ƙasanta. Kuma gareji dama yana da nasa hayaƙin na salansa. Bona in ya yi datti ko iska ta yi masa kaɗan sai ya fara fitar da kabon monoksaid, ba wari ba launi, yana kama jini fiye da iskar oksijin sau sama da 200. Alamarsa ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, mutum ya ce mura ce ko gajiya. In ka ga yaran shago duk suna kukan ciwon kai da yamma kuma in sun fita waje ya sake su, kashe hitar ka buɗe ko'ina. Ni shawarata Mai Gareji ya huda bango ya fitar da hayaƙin waje kawai, ya kuma saka na'urar da ke ƙara in ta ji kabon monoksaid.

Mai Gareji: Zan fitar in sha Allah, dama wutsiyar za ta ƙare kusa da bangon baya. Akwai tagar ofis a wajen amma.

Injiniya: To ka kula da tagar. A NFPA 54 bakin bututun hayaƙi mai fanka sai ya kasance aƙalla ƙafa 4 a ƙasa ko a gefen taga ko ƙofar da ake buɗewa, ko ƙafa 1 a samanta, watau wajen mita 1.2 da santimita 30. In akwai inda fanka ke zuƙo iska cikin gini a tsakanin ƙafa 10, bakin ya ɗara shi tsayi da ƙafa 3. Dokar inda kake tana iya bambanta, ita za ka bi, tare da littafin. Inda bututun ya ratsa bango in akwai katako ko soso a sa masa hannun riga na ƙarfe mai barin tazara, a ɗan sunkuyar da shi waje don ruwan da ya taru ya zuba can ba ya dawo ciki ba, a toshe mahaɗai da abin da ke jure zafi don fankar turo hayaƙin take da ƙarfi. Kar kuma ka ƙara wa bututun hitar tsawo da kanka don ya kai bango, in ya wuce abin da aka ƙayyade hayaƙin na hucewa a ciki ya zama ruwa mai tsami ya ci ƙarfen.

Hajiya Mai Kaji: Ni bayan an fitar min da hayaƙin sai wata matsalar ta taso, ƙura da gashin kaji suna toshe bonar duk bayan kwana kaɗan tana mutuwa cikin dare. Sai da aka jawo mata iska daga waje da fayif nata na kanta sannan na huta. Farantin saman ma ina sa a goge shi duk zagaye, in ƙura ta rufe shi ɗumin raguwa yake sosai, kuma ƙurar kanta abin tsoro ce a kan ƙarfe mai zafi.

Injiniya: Hajiya kin kawo magana mai muhimmanci, shi ma Mai Gareji ya jawo iskar waje. Gareji akwai feshin wanke birki da na cire maiko, wasunsu akwai sinadarin kulorin a ciki, ga gas ɗin AC na mota. Tururinsu in ya bi ta cikin wuta yana komawa asid ya cinye bututun ta ciki, wani ma ya zama guba. Ga kuma fankar fitar da hayaƙin salansa, in tana aiki ƙofa a rufe tana iya rinjayar bonar ta hana shi iska.

Ɗan Kwana-kwana: Tambaya biyu Mai Gareji. Kuna fenti a ciki? Kuma kuna karɓar motoci masu aiki da CNG, watau iskar gas da ake matsewa a tukunyar mota?

Mai Gareji: Fenti a'a, sai ɗan tsaf-tsaf da gwangwanin feshi. CNG ba mu fara ba amma ana ta tambaya, ina tunanin farawa baɗi.

Ɗan Kwana-kwana: To ka tsaya ka yi tunani tun yanzu. Hitar nan ba a yi ta don wurin da tururin tina ko fetur ko ƙurar katako ke taruwa ba, ɗakin fenti kam sam. A garejin gyara dokokin Amurka na cewa ta kasance aƙalla ƙafa 8 daga ƙasa, wajen mita 2.4, saboda tururin fetur ƙasa yake kwanciya, kai ka wuce wannan. Amma CNG akasin haka ne, ya fi iska rashin nauyi, in ya zubo sama yake tafiya ya taru a ƙarƙashin rufi daidai inda hitarka take. NFPA 30A, dokar garejin gyara ta Amurka, ta hana wuta a buɗe ko hitar da jikinta ya wuce digiri 399 a inda irin wannan gas zai iya taruwa a garejin da ake manyan gyare-gyaren motocin, taka kuwa Injiniya ya ce tana haura 500. In da gaske za ka fara, ka gaya wa wanda zai duba aikin da kamfanin inshorarka kafin ka huda bango ko ɗaya.

Mai Gareji: Tabɗi. Wannan ko a mafarki ban kawo ba.

Ɗalibi: Ita kanta hitar da wane gas za ta yi aiki? Na ji an ce na tukunya da na bututu ba ɗaya ba ne.

Mai Gareji: Na bututu ne ya shigo ginin, a ƙaramin allon bayanan da ke jikinta ma haka aka rubuta.

Injiniya: Yawwa, gara da ka duba. Ramin nozil ɗinsu ba ɗaya ba ne, in aka ba hitar gas ɗin bututu furofen, watau gas ɗin tukunya, ba a canza nozil da saitin bawul ba wutar za ta yi yawa ta yi baƙin hayaƙi ta gasa bututun. Furofen kuma ya fi iska nauyi kusan sau ɗaya da rabi, in ya zubo ramin duba mota yake gangarawa ya kwanta. Haɗa gas ɗin dai ka bar wa mai lasisi, ya sa bawul ɗin kashewa kusa da kowace hita, da ɗan guntun fayif mai tare datti kafin bona, in zai gwada layin da matsi mai ƙarfi ya cire hitar tukuna don bawul ɗinta ba ya ɗaukar matsin da ya wuce rabin psi (ma'aunin matsi). Gwajin yoyo da ruwan sabulu ko na'ura, na san ba sai na ce ban da ashana ba amma na faɗa.

Mai Wayarin: Tamostat, watau na'urar da ke jin zafin ɗaki ta kunna hitar ko ta kashe, fa kar ka manna shi inda hasken hitar ke dukansa kai tsaye, zai ɗauka ɗaki ya yi zafi ya kashe alhali yara na karkarwa. Kar kuma a jikin bangon waje mai sanyi ko bakin ƙofa, nan kuma ba za ta taɓa hutawa ba. Wajen mita ɗaya da rabi daga ƙasa a ginshiƙin ciki. Akwai mai baƙin ƙwallo da aka yi musamman don irin wannan hita, ya fi gane abin da jikin mutum ke ji.

Sitokifa: In akwai famfunan kashe gobara na silin a duba su ma. Masu jan kwalba a digiri 68 suke fashewa, mu sai da aka canza na kusa da hita zuwa masu koren kwalba na digiri 93, da ba haka ba wata rana sai mu zo mu tarar da sito ya zama tafki ba gobara ba komai.

Mai Gareji: Babu su a nawa. To ga abin da na tsayar: jikin bango biyu, bona wajen ƙofa, faranti a karkace, sarƙa, hayaƙi waje, iska daga waje, tayoyi su koma ɗakin baya. Na sake aunawa da mota a kan lif, ta hagu ta ba ni tazarar da teburin ya ce har da rara, ta dama ce ta gaza da kusan santimita 20 saboda lif na biyu ya fi matsowa bango.

Baba Mai Walda: Santimita 20 ɗin me, taƙi ɗaya fa ke nan, a bar shi haka mana.

Injiniya: Baba!

Baba Mai Walda: To to na ji, na yi shiru. Ka kwance lif ɗin ka matsar, noti takwas ne ko goma, in kana kusa da na zo na taya ka.

Injiniya: Ko ya matsar da lif, ko ya zame hitar gaba yadda wutsiyar ce za ta zo saitinsa in littafinsa ya ba da ragin tazara a can nesa da bona, wasu suna bayarwa wasu ba sa bayarwa. Ka duba ƙasan teburin, da ƙananan rubutu suke sa shi. Ranar kunnawa ta farko kuma ka buɗe ƙofofi duka, man da ke jikin sabon bututu zai yi hayaƙi da wari na ɗan lokaci, kar yara su firgita su watsa mata ruwa.

Mai Gareji: Na duba, babu ragin a nawa. Lif ɗin zan matsar, amma sai na tambayi wanda ya kafa shi ko simintin wajen yana da kaurin da zai riƙe sababbin ƙusoshin. Zan turo hoto in an rataye ta hagun.